Yadda Za Ka Kula da Kayanka a Tasha da Filin Jirgi

Ana ta tambayarmu yadda matafiyi zai tsare kansa daga masu fakewa da kaya su kai hari. Ga matakan bi da bi:

1. Shirya jakarka da hannunka, ka san duk abin da ke ciki.
2. Sa mata kwaɗo.
3. Rubuta sunanka da lambar wayarka ciki da waje.
4. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba.

Hattara: nan aka fi yin kuskure, kuma kunya ce ke jawowa. Ko ɗan'uwa ne ya ba ka, ya kwance a gabanka ka gani. Duk abin da aka samu a jakarka, kai za a tuhuma.

5. Tafi da jakarka ko banɗaki za ka shiga.
6. In ka ga jakar da ba kowa kusa da ita, tambayi mutanen wurin ko akwai mai ita.
7. In ba wanda ya amsa, duba daga nesa: ko an cusa ta ƙarƙashin kujera, ko wayoyi sun leƙo, ko tana wari.

Hattara: kada ka taɓa, kada ka buɗe. In bam ne a ciki, motsi kaɗan na iya tayar da shi.

8. Ja baya aƙalla mita 100, bayan bango mai kauri, nesa da gilashi.
9. Gargaɗi na kusa da kai ba tare da ihu ba, don gudun turmutsitsi.
10. Kira jami'an tsaro, amma kada ka yi amfani da waya sai ka wuce mita 15 daga jakar.
11. Faɗa musu wurin, launinta, girmanta da lokacin da ka gan ta.