Yadda za ka koyi juya ƙwallo uku a iska, ka motsa jini a tsakar gidanka

Mutum in ya haura shekara 40 a Maradi, zama ke cinye masa yini. Ɗan kasuwa na bisa benci a rumfa tun hantsi, ma'aikaci na kan kujera, in za a tashi daga babbar kasuwa zuwa unguwar Zariya sai a tare kabu-kabu, da dare kuma a zauna fada ana jiran shayi na uku. Ba wanda bai ji likita na cewa a motsa jiki ba. Girma ne ke hanawa. Alhaji mai surukai ba zai sa gajeren wando ya bi titi da gudu ba, Hajiya kuwa ba a ma maganarta. Shi ya sa nake ganin wasan cilla ƙwallo uku ana cafewa ya dace da mu: ana yinsa a tsakar gida ko a zaure, da kayan da ke jikinka, kuma ba ya cin ko dala.

Kada wani ya raina shi ya ce aikin yara ne. A Beni Hasan ta ƙasar Masar akwai kabarin da aka zana mata suna wannan wasa a bangonsa, kusan shekara 4000 ke nan. Matan da suka yi carabke da ƙuruciya kuwa hannunsu ya riga ya san rabin aikin.

Fara da haɗa ƙwallayen. Kada ka ɗauki ƙwallon roba, in ya faɗi tsalle zai yi ya shige ƙarƙashin gado, ka ƙare da nema maimakon koyo. Samo tsofaffin safa uku da gero. Auna kamar gram 120 ga kowace, wajen cikin ƙaramin kofin shayi biyu, ka zuba a leda ka ƙulle, ka tura cikin safa, ka murɗe, ka naɗo bakin a kai, a ɗinke. Ya cika tafin hannu amma kada ya yi tauri. Ko waɗanda ake sayarwa a ƙasashen waje da yawansu gero ake ɗura musu, don inda ya faɗi nan yake tsayawa. Sai dai a ɓoye su daga ɓera da kaji.

Ɗauki ɗaya tak, ka ajiye biyun. Tsaya ƙafa a ɗan buɗe, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, tafukan hannu na kallon sama kamar mai riƙe da faranti. Cilla daga dama zuwa hagu, ƙwallon ya hau ya ɗan wuce goshinka sannan ya sauko. Idonka na can sama inda yake juyowa, ba a hannu ba. Kada ka miƙa hannu sama ka tarbo shi, bari ya same ka. Ka yi ta yi, dama da hagu, har tsayin jifan ya zama ɗaya.

A ƙwallo biyu ne ake raba gari da masu gaggawa, don haka ka daɗe a nan. Ɗaya a kowane hannu. Cilla na dama. Idan ya kai ƙarshen hawansa, yana shirin saukowa, sai ka cilla na hagu ta ƙarƙashinsa zuwa dama, shi ma da tsayi ɗaya. Faɗa da baki: jefa, jefa, cafe, cafe. Kusan kowa a nan sai ya ji hannun hagu na so ya miƙa wa dama ƙwallon ta ƙasa maimakon ya cilla shi sama. Wannan ɗabi'a in ta kama ka, ƙwallo na uku ba zai taɓa samun wurin shiga ba. Maganinta ka riƙa farawa da hagu, kuma ka yarda su faɗi ƙasa. Jifan shi ne aikin. In jifa ya yi kyau, ƙwallon da kansa yake faɗowa a tafi. In ya karkace, duk saurin hannunka ba zai cece ka ba.

Sai na uku. Biyu a dama, ɗaya a bakin yatsu ɗaya a cikin tafi, guda a hagu. Na bakin yatsu ke fara tashi, sai na hagu, sai wanda ya rage, kowanne yana tashi lokacin da na gabansa ya kai sama. Da fari kada ka cafe ko ɗaya. Bar su su zube ka duba: biyu a gefen hagu, ɗaya a dama, kusa da ƙafarka, to jifanka ya daidaita. Daga nan ka cafe ukun ka tsaya. In wannan ya zauna, ƙara jifa na huɗu, sannan na biyar, ɗaya bayan ɗaya. In ka ga kana bin ƙwallayen gaba kana taku, tsaya dab da bango ka fuskance shi. Wanda kuma saurin ya ruɗa, ya gwada da baƙaƙen leda uku, su a hankali suke saukowa, ido ya samu ya gane tsarin. Amma a cikin ɗaki, musamman da hunturu, in ba haka ba iska ta kai su gidan maƙwabta.

Minti 10 zuwa 15 a rana ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. Bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ka fara juya kafaɗu da wuyan hannu. Za ka sunkuya ɗaukar ƙwallo sau ba adadi, kuma wannan ma motsa jiki ne, in dai ka lanƙwasa gwiwa ba ƙugu ba. Mai ciwon baya ko gwiwa ya tsaya a bakin gado, abin da ya faɗi ya faɗi kan katifa. Mai hawan jini ko jiri ya riƙa miƙewa a hankali, kuma ya tambayi likitansa.

Ba jiki kaɗai ke amfana ba. A 2004 masu bincike a jami'ar Regensburg ta Jamus sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi wata uku suna koyon wasan, suka ga sashen da ke bin motsi da ido ya ƙaru, da suka daina kuma ya fara raguwa. A 2008 an maimaita da masu shekara wajen 60, aka sake ganin canjin. Duk da haka ba zan ce ya wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na so baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wasan nan ba zai cika su shi kaɗai ba. Haɗa shi da tafiya a ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa.

Ranar da ka kai cafe 30 ba faɗuwa, gwada cilla ƙwallo ɗaya ta saman sauran maimakon ta ƙarƙashi, ka koma tsarin da ka saba, sannan ka gwada da ɗaya hannun.