Kurakuran da malamai suka fi yi wajen koyarwa ta waya da yadda za a gyara su

Tun daga rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da yawa a Zamfara da Kebbi suka koma isar da darasi ta waya, kuma matsalar tsaro ta sa buƙatar hakan ba ta gushe ba. Mafi yawan kurakuran da ake yi tushensu ɗaya ne: malami yana tsara darasi bisa wayarsa da ƙarfin sabis ɗin da yake samu a Gusau ko Birnin Kebbi, ya manta da halin ɗalibin da ke ƙauyukan Anka ko na Argungu.

Irin wannan ɗalibi sau da yawa ba shi da wayar kansa, ta mahaifinsa ko ta yayansa yake ara bayan sallar isha'i, wataƙila ma bayan an karɓo ta daga wurin mai caji. Saboda haka malamin da ya sa darasin kai tsaye a manhajar taron bidiyo ta Zoom da ƙarfe goma na safe ya riga ya cire shi daga aji, ga shi kuma taron Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Gyaran shi ne a naɗi darasin a tura, kowa ya buɗe lokacin da waya ta zo hannunsa, a bar haɗuwar kai tsaye don amsa tambayoyi kawai.

Ko a wajen naɗin ma akwai kuskure, domin wasu suna ɗaukar bidiyon rabin awa suna tsaye gaban allo, wanda zai cinye datar da gida ya saya ta mako guda. Saƙon murya na minti uku zuwa biyar, haɗe da hoton abin da aka rubuta, ya fi sauƙin saukewa nesa ba kusa ba, kuma a ganina ya wadatar ga yawancin darussa. Sai dai a fara kowane saƙo da ambaton aji da darasi da lambarsa, a kuma naɗa a cikin ɗaki nesa da ƙarar janareto. Game da hoto, WhatsApp yana rage ingancinsa idan an tura shi yadda aka saba, har lambobin lissafi su dushe. A rubuta da baƙin alƙalami mai kaurin rubutu (maka) a kan farar takarda, a ɗauka da hasken rana, sannan a tura shi a matsayin fayil ko a mayar da shi PDF.

Barin zauren aji na WhatsApp a buɗe ga kowa yana sa gaisuwa da saƙonnin barka da Juma'a su binne darasi. WhatsApp yana da saitin da ke taƙaita tura saƙo ga masu kula da zaure kaɗai, kuma ya kamata a kunna shi, a buɗe wani zaure daban don tambayoyi. A nan akwai abin da ya fi tsari muhimmanci, wato amincin yara. Duk wanda ke cikin zaure yana iya ganin lambobin wayar sauran, don haka lambobin iyaye ya dace a sa, musamman a ajin 'yan mata, kuma kada a tura hotunan ɗalibai ko bayanin wuri da lokacin da za su taru. Wanda ya tuna satar ɗalibai da aka yi a makarantun Jangebe da Birnin Yauri a 2021 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Wasu malaman kuma suna ɗaukar shuɗin alamar karanta saƙo a matsayin shaidar fahimta, alhali mai yiwuwa uban yaro ne ya buɗe. A rufe kowane darasi da tambaya biyu ko uku da ɗalibi zai amsa a littafinsa ya ɗauki hoto ya turo, wanda ke da ƙaramar waya mai madannai kuma ya amsa ta tes.

Dogaro kacokan ga intanet shi ma kuskure ne, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Malami ya riƙa tara darussan zango a katin memori, wanda za a iya kwafa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender ba tare da data ba, ya kuma ajiye kwafin takarda a wurin shugaban makaranta don iyayen da za su iya zuwa karɓa.