Yadda na gyara awon radiyeshan a ƙaramin fili

Kwana biyu ina fama da lambobin da suka ƙi jituwa. A filin santimita 10 da 10, wato girman wurin da hasken radiyeshan ke sauka, injin haska masu ciwon daji lafiya lau yake. Da na matse filin zuwa santimita 1 da 1, sai awon ya faɗi warwas, kwamfutar tsara magani kuma tana faɗin wani abu daban.

Injin na fara zargi, har na taso injiniya daga gida. Ashe laifin na'urar awona ne. Irin mai ramin iska ce da ake kira Farmer, mai cc 0.6, tsawon ramin iskarta ya haura santimita 2, wato ta fi filin girma. Tsakiyarta na cikin haske, bakunanta na inuwa, ita kuwa matsakaici take bayarwa.

Na sauya ta da microDiamond, wata ƙaramar na'urar awo, a tankin ruwan da ake yin awon a ciki. Saitin ne ya ci min lokaci. Layin hasken leza mai nuna tsakiya bai wadatar ba, sai da na bi filin a tsaye da kwance na gano ainihin tsakiyarsa, domin kaucewar milimita 1 ma tana rage awon. Sannan na auna faɗin filin daga inda hasken ya ragu zuwa rabi, na ɗauko lambar gyara a TRS-483, ƙa'idar da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar a 2017. Kafin la'asar lambobin suka haɗu, shayina kuwa tuni ya huce.