Yadda Ake Ƙarfafa Siginar Satilayit a Gombe da Kewayenta

An seta tauraron Nilesat, wanda ke kan digiri 7 ta yamma, domin ya haska Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, saboda haka abin da ke isowa Gombe, Kumo da Bajoga gefen hasken ne kawai. Shi ya sa hoto ke daskarewa da zarar hadari ya haɗu a watan Agusta. Masu gida da yawa sukan ruga sayen sabuwar dikoda, alhali gyaran yana waje, a jikin kwando.

Girman kwandon shi ne kan gaba. Kwando mai faɗin mita 1.8 yana tattara sigina ninki huɗu na abin da mai santimita 90 ke tattarawa, sai dai gwargwadon girmansa gwargwadon tsananin saitin da yake bukata, domin ɗan gocewa kaɗan ya isa ya ɓatar da tasha. Don haka a kafa ƙarfensa a miƙe sambal, a zuba masa siminti yadda iskar farkon damina ba za ta girgiza shi ba. Idan tsohon kwando ne, a ɗaura zare biyu a bakinsa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In ba su taɓa juna a tsakiya ba, to ya lanƙwashe, kuma a ganina ɓata lokaci ne a ci gaba da wahala da shi.

Wajen saiti, a sa ido kan layin inganci da dikoda ke nunawa, domin layin ƙarfi yakan cika ko da ba a kama tauraron ba. A fuskantar da kwandon kudu maso yamma, a riƙa motsa shi a hankali ana dakatawa, sannan a murɗa LNB, wato ɗan abin da ke gaban kwandon mai karɓar sigina, a cikin mariƙinsa hagu da dama, a tura shi gaba ko baya, har ingancin ya kai ƙarshensa kafin a ɗaure notuna. Wannan murɗawar ce masu haɗawa da yawa ke tsallakewa saboda gaggawa.

Daga kwando zuwa dikoda, a yi amfani da irin wayar da ake kira RG6 mai kyau, gajera, marar haɗi, a naɗe bakinta da tef don kada ruwa ya shiga. A sare reshen dogon yaro idan ya tare gaban kwandon. Na'urar ƙara sigina da ake ɗaurawa a waya tana da amfani ne kawai idan wayar ta yi tsawo sosai, domin tana ƙara hayaniya tare da siginar.