Masu shirin WAEC, ku fara neman aikatau

'Yan uwa, in aka ba ku jimlar Turanci ku fayyace, ku fara laluben aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin da aka yi. Da kun same shi, ku tambaya: wa ya yi aikin? Wannan ne aikau, yawanci yana gaba. Abin da aikin ya faɗa wa kuwa karɓau ne. A "Musa bought rice", "bought" ne aikatau, Musa aikau, "rice" karɓau.

Inda muka fi zamewa: mun saba da "Musa ya tafi", sai hannu ya rubuta "Musa he went". Wannan "he" ba shi da gurbi, Musa ya riga ya cike wurin. Haka "She a teacher" ma, sai an sa "is", don mai duba takarda ba ya ɗaga ƙafa ga jimla marar aikatau.