Yadda ake shiga wurin bautar Ise a Japan

1. Daga Nagoya ka hau jirgin ƙasa na Kintetsu ka sauka a tashar Iseshi, kusan awa ɗaya da rabi ne. Shiga wurin bautar kyauta ce, ba a sayen tikiti.

2. Wurin bautar yana da manyan ɓangarori biyu, Geku da Naiku. Ka fara da Geku kafin ka wuce Naiku, haka al'adarsu take. Naiku ne babba, nan mabiya Shinto, addinin gargajiya na Japan, suke bauta wa Amaterasu wadda suke ɗauka allahiyar rana.

3. In ka zo gadar Uji da ke mashigar Naiku ka bi ta hannun dama, kar ka bi tsakiya, su a wajensu tsakiyar hanya ta abin bautarsu ce. Gaba kaɗan za ka ga kogin Isuzu, mutane na durƙusawa bakin ruwa suna wanke hannu, ruwan garai-garai har duwatsun ƙasa kana gani.

4. A gaban babban ɗakin ba a ɗaukar hoto, ka mayar da waya aljihu tun daga matakala. Su suna rusunawa sau biyu, tafi biyu, sai rusunawa ɗaya, kai baƙo ba wanda zai tilasta ka, ka koma gefe kawai kayi shiru.

Abin da yafi burge ni shi ne duk shekara 20 sai sun gina sabon ɗaki da katako a filin da ke kusa su rushe tsohon, tun shekarar 690 aka fara, na ƙarshe 2013, saboda haka magina basa mance sana'ar, tsoho na koya wa yaro.

5. In ka fito ka leƙa Okage Yokocho, unguwar shaguna da ke kusa da Naiku, ka sha shayi.