Kafin a Rufe Ɗakin Kwamfuta

Malaman kwamfuta na sakandare, kada ku bar karɓar aikin ɗalibai sai ranar ƙarshe. Ana saura mako guda jarrabawa, kowa ya tara fayilolinsa a folda ɗaya, ya sa mata ajinsa da lambarsa, ya matse ta a zip.

Sai a ɗora a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, kyauta ne har 15GB. Kun huta da filashin nan mai yawo hannu-hannu yana kwasar bairos. Ko an ɗauke wuta ranar ƙarshe, ba ruwanku.

Amma ban da tura aikin ta Gmail fa. Ba ya karɓar fayil mai .exe ko .js, ko da a cikin zip ne.

In makarantarku ba intanet, filashin malam kaɗai za a soka, a bincike shi tukuna ko akwai bairos.